Ni kaɗai nake ɗaura tirelar doki a mota, ta kuma taɓa kuɓuce mini

Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon ma'aikaci ne a Zariya, na yi ritaya, ina da dawaki biyu da nake hawan Sallah da su a tawagar hakiminmu. Bara na sayi tirelar doki ta hannu, 'yar Turai, mai taya huɗu, ina jan ta da Hilux. Ɗana ne yake tsaya mini a baya yana nuna mini hannu har in saita mota, to yanzu ya tafi bautar ƙasa, yaron barga kuma sai da la'asar yake zuwa. Akawalina ya ji ciwo a ƙafa, likita ya ce in riƙa kai shi asibitin dabbobi na Samaru da sassafe ana wanke masa. Da na gwada ni kaɗai, sai na lotsa lambar mota. Da na sake gwadawa na ɗauka ta kama, ina fitowa da ita ƙofar gida don in loda dokin a waje sai wuyanta ya zame ya daki ƙasa, wayar fitila ta tsinke. Tun ranar gabana yake faɗuwa. Ga ciwon baya, ba na iya ɗaga nauyi. Hajiya ta ce in sayar da ita in koma hayar motar kanta, ta ɗaukar kaya, kamar kowa. Ni kuma ina jin nauyin buga wa maƙwabta ƙofa da asuba. Shin mutum ɗaya zai iya wannan aiki, ko in haƙura?

Mai Akawal, Zariya

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara kiyayewa, ya ba Akawal lafiya.

Kada ka sayar da tirelar tukuna. Mutum ɗaya yana iya ɗaura ta, ko da mai ciwon baya ne, domin idan kayan suna lafiya babu inda aikin yake neman ƙarfi. A ƙasashen da ake ƙera irin wannan tirela, mata da dattawa ma suna ɗaura abinsu su kaɗai su tafi. Sai dai abubuwa biyun da suka same ka ba nauyinsu ɗaya ba. Lotsa lamba abin haushi ne kawai, mai gyaran bodi zai buge ta ta miƙe. Zamewar wuya kuwa ita ce take kashe doki, wani lokaci har da bayin Allah da ke biye da kai a titi. Don haka da ita zan fara.

Je ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin kan tirelar da tocila. Za ka ga ƙoƙon ƙarfe wanda ƙwallon bayan mota yake shiga, a cikinsa kuma akwai wani ɗan harshe. Idan ka ɗaga hannun da ke sama, harshen yana janyewa ya ba ƙwallo hanya. Idan ƙwallon ya shige har ƙurya, hannun ya koma ƙasa, harshen yana shiga ƙarƙashin ƙwallon ya riƙe shi. Wannan ɗan harshen shi kaɗai ne yake tsakanin dokinka da kwalta. Abin da nake kyautata zaton ya faru ranar shi ne, ƙoƙon ya sauka a kan ƙwallo alhali harshen yana rufe, sai ya zauna a sama kamar hular da aka ɗora a ka ba a danna ba. Daga tsaye, komai daidai yake: hannu yana ƙasa, nauyin tirela yana kan mota, bayan Hilux har ya ɗan sauka. Mota za ta ja ta a haka a shimfiɗaɗɗen wuri. Da tayar baya ta hau dakalin ƙofar gida ta sauka, shi ke nan, sai ta tsallake.

Maganin wannan gwaji ɗaya ne, kuma shi nake so ka riƙe ko da ka manta sauran abin da zan faɗa. Bayan ka sauke ƙoƙon a kan ƙwallo ka ji hannun ya ce ƙas, kada ka naɗe jak, wato ƙafar nan mai taya da ke tokare wuyan tirela. Juya shi ta ɗaya gefen, kamar za ka sake ɗaga tirelar sama. Idan ta kama da gaske, za ka ga bayan motar yana tashi tare da wuyan tirelar, ɗan yatsa biyu ko uku, kuma hannun jak zai yi maka nauyi. Idan ba ta kama ba, ƙoƙon zai rabu da ƙwallo a gabanka, a tsakar gida, inda babu abin da zai lalace. Tirela ba za ta iya ɗaga bayan Hilux ba sai harshen yana ƙarƙashin ƙwallo. Yawancin kawunan tirela na Turai suna da wata 'yar alama a gefen hannun, kore da ja, ko alamar tarawa da ta ɗebewa, da ke nuna an kulle. Duba ta, amma kada ka tsaya a kanta, domin a tsohuwar tirela ƙura da tsatsa suna sa ta maƙale a wuri ɗaya. Gani ya kori ji: ka ga mota ta tashi da idonka, sannan ka sake leƙawa ta ƙasa ka ga ƙwallon ya ɓace cikin ƙoƙo gaba ɗaya.

Ɗanka, da yake tsaya maka a baya, saiti kawai yake taya ka. Wannan gwajin ko yana nan ya kamata a riƙa yi. Ke nan rashinsa bai rage maka komai ba a ɓangaren da ya fi haɗari.

Akwai wani dalili na biyu da zai iya hana ƙoƙo zama, kuma a nan ƙasar ya fi yawa fiye da yadda ake zato, saboda tirela daga wata nahiya take zuwa, ƙwallo daga wata. Ƙwallon Turai kaurinsa milimita 50 ne. Na Amurka da inci ake auna su: akwai mai inci 2, wanda ya kama milimita 50.8, akwai mai inci 1 da 7/8, wajen milimita 47.6, akwai kuma babba mai inci 2 da 5/16, wajen milimita 58.7. Da ido ba za ka bambance mai 50 da mai 50.8 ba, amma ƙoƙon Turai yana iya ƙin haɗiye na biyun har ƙurya. Ƙaramin, mai 47.6, ya fi mugunta, domin yana shiga cikin sauƙi, hannu ya kulle, sai an faɗa rami ya fice. Goge saman ƙwallonka da tsumma, akasari an buga girmansa a wurin. Idan rubutun ya goge, kai wa bakanike mai ma'aunin kauri ya auna. Ƙwallon milimita 50 da ya cinye har ya sauka ƙasa da 49 ya gama aiki, a canja shi.

Duba kuma abin da ƙwallon yake zaune a kai. Idan mai walda ne ya liƙa shi a bamba, ko ya haɗa ƙarfen kwana ya yi maka na gida, kada ka sa doki a bayansa. Ƙarfen ja na gaskiya da manyan notuna ake ɗaure shi a jikin shasi, kuma yana da 'yar farantin da aka rubuta nauyin da zai iya ja da nauyin da zai iya ɗauka a kan ƙwallo. Tirelar dawaki biyu irin ta Ifor Williams, da ake ƙerawa a Wales, ita kaɗai babu kaya tana kai kilo 900 zuwa 1,000. Ɗora mata dawakinmu biyu, kowane wajen kilo 400, da harawa da jarkar ruwa da kayan hawa, ka tasar wa tan biyu. Ka gwada wannan da abin da ke kan farantin, da abin da littafin motarka ya ce, domin Hilux ba duka ƙarfin jansu ɗaya ba, ya danganta da shekara da inji.

Tun da wuyan ya riga ya daki ƙasa, kafin tafiya ta gaba a duba ƙoƙon ko ya tsage, a duba jak ko ya lanƙwashe, a duba notunan da suka riƙe kan tirelar. A wanke cikin ƙoƙon da kananzir a fitar da tsohon giris da ya haɗu da yashi ya daskare, a sa sabo kaɗan. Jak ɗin ma a ba shi giris. Bayanka ne zai ji daɗin wannan.

Ba ka ambaci wayar birki ba, wata siririyar wayar ƙarfe mai ƙugiya a baki, da ke rataye a ƙarƙashin birkin hannu na tirelar. Mutane da yawa suna naɗe ta a wuya su bar ta, suna ganin ta yi siranta da ta riƙe wani abu. Ai ba don riƙo aka yi ta ba. Idan tirela ta rabu da mota a guje, wayar ce take fizgo birkin hannu ya kama tayoyi, sannan ita ta tsinke, tirelar ta tsaya maimakon ta bi gangare ta shiga kasuwa. A jikin ƙarfen ja akwai rami ko zobe da aka yi dominta. Nan za ka zura ta ka maƙala. Ka bar mata saki daidai yadda kwana ba za ta ja ta ba, amma kada ta kai ga jan ƙasa. Idan taka ta tsinke ko ta yi tsatsa, a sa sabuwa irinta, kada a maye ta da igiya ko wayar shanya. Tirelolin Amurka su sarƙa biyu suke da ita, ana gicciya su a ƙarƙashin wuya don su tare shi idan ya faɗo, birkinsu kuma akasari na lantarki ne. Taka ba haka take ba. Birkinta daga turi yake samun ƙarfi: idan ka taka birkin mota, tirelar tana turo wuyanta gaba, wuyan ya shige cikin wani bututu ya ja sandunan birki. Na faɗi wannan ne don kada ka ga bidiyon Amurkawa a YouTube ka ɗauka wani abu ya ɓace a taka.

To, mu koma kan saiti, wanda shi ne ya fi cin rai ko da yake bai kai wancan haɗari ba.

Kafin ka taɓa makullin mota, gama da tirelar. Ja birkin hannunta har ƙarshe, kada ka tsaya a rabi. Irin wannan birki an yi shi ne ya saki idan ana ribas, saboda haka idan mota ta ɗan tura tirelar baya tana iya gangarawa kusan taƙi ɗaya ko fiye kafin ya kama. Shi ya sa waigi ya zama dole: itace mai kusurwa gaba da bayan taya, ta kowane gefe, irin wanda yaran mota suke tokare babbar mota da shi. Bulo yana farfashewa, dutse mai santsi yana zamewa, sa kafinta ya yanka maka guda huɗu. Idan tsakar gidanka yashi ne ko damina ta jiƙa shi, sa guntun katako a ƙarƙashin tayar jak don kada ta nutse. Sannan ka juya jak har ƙoƙon ya fi ƙwallo tsawo da kamar yatsa uku. Lambarka ta lotse ne saboda ka wuce wurin tsayawa, amma da yawa ƙwallon suke kai wa ƙoƙo karo saboda ba su ɗaga shi ba. Samu sanda, jingina ta da ƙwallo, yi mata tsaga daidai samansa, ka riƙa auna tsawon ƙoƙo da ita.

Za ka sauka daga mota sau da yawa, kuma haka ake so. Ƙafarka ce za ta yi aikin da idon ɗanka yake yi. Amma duk saukar da za ka yi, ko ta daƙiƙa biyar ce, ja birkin hannu, cire giya, kashe inji. Idan motar atomatik ce, mayar da ita P. Za ka shiga tsakanin mota da tirela babu kowa a sitiyari, idan ta gangaro babu mai taka maka birki, babu ma wanda zai ji kiranka da wuri. Cire babbar riga, kada hannunta ya kama jak. Sa takalmi mai rufi, kada ƙafarka ta kasance a ƙarƙashin wuyan tirela, kada yatsanka ya shiga tsakanin ƙoƙo da ƙwallo ko da wasa. Wayarka ta kasance a aljihu. Idan akwai jikoki a gidan, a tabbatar suna ɗaki an rufe ƙofa, domin yaron da bai kai tsawon bodin Hilux ba madubi ba ya nuna shi.

Saiti kashi biyu ne, miƙa da nisa. Na miƙa tun daga nesa ake gyara shi. Fara da motar tana gaban tirela da tsawon mota biyu, ta miƙe sak. Dubi madubin dama da na hagu: idan gefen tirelar da kake gani a dama ya yi daidai da wanda kake gani a hagu, kana tsakiya. Don ƙarin tabbaci, ɗaure dogon karan dawa a tsaye a kan wuyan tirelar, daidai saitin ƙoƙo, ya yi tsawon da za ka hango shi ta saman ƙofar bodi, ka ɗaura masa jan ƙyalle a kai. Sannan manna salatif a tsakiyar gilashin baya, wani kuma a tsakiyar ƙofar bodi, saitin ƙwallo. Kana ribas kana kallon madubin ciki, ka jera ukun a layi ɗaya. Gyaran sitiyari kaɗan-kaɗan, kuma da wuri. Idan saura taku ɗaya ka ga ka kauce da tafin hannu, kada ka murɗe sitiyari don ka cim masa, motar za ta shiga a karkace ne. Ja gaba sosai ka sake shigowa. A nan ne sauri yake haifar nawa.

Na nisa kuma ga dabararsa. Tsaya saura kamar taku ɗaya, sauka, auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙwallo da tsakiyar ƙoƙo da sandarka, ka riƙe wurin da babban yatsa. Je wurin tayar baya ta gefen direba, ka jingina katako mai kauri a gicciye a bayan tayar, sannan ka matsar da shi baya daidai wannan tazara. Koma ka yi ribas a hankali, ƙafa a kan kuloci, ba tare da ba ta wuta ba, har ka ji taya ta taɓa katako. Sauka ka duba. Sau da yawa za ka tarar saura yatsa biyu ko uku, sai ka matsar da katakon daidai haka ka ƙara. Katakon ba zai bari ka wuce ka kai ga lamba ba. Idan ƙwallon ya shiga ƙarƙashin ƙoƙo da kuskuren da bai wuce yatsa ɗaya ba, bakin ƙoƙon da kansa zai jawo shi tsakiya yayin da kake saukewa. Idan ya fi haka, motar za ka gyara. Kada ka rungumi wuyan tirela mai taya huɗu ka ce za ka jawo shi gefe. Tayoyin nan huɗu ba sa yarda su juya a wuri ɗaya, kuma nauyin da ke kan wuyan ya isa ya kwantar da mai lafiyayyen baya ma.

Abin da zai raba ka da wannan wahala gaba ɗaya shi ne, tirelarka wuri ɗaya take kwana. Ranar da ka samu ta kama daidai, kafin ka motsa, ɗauko fenti. Zana inda tayoyin tirela suke zaune, zana inda tayar jak take sauka, ja dogon layi a ƙasa bin gefen tayoyin mota na ɓangaren direba har zuwa gaba. Sannan ka sa magini ya yi maka ɗan tudun siminti a bayan tayoyin baya na motar, ko a kafa katako da turaku. Daga ranar, aikinka shi ne ka leƙo ta taga ka bi layi har taya ta taɓa tudu. Sharaɗinsa ɗaya: duk dawowar da za ka yi, ka mayar da tirelar kan zanenta kafin ka kwance ta, wanda tudun da kansa zai taya ka yi, tun da motar ce take tura ta. Kyamarar ribas da ake sa wa mota ma tana taimako ƙwarai idan mai wayarin ya karkata ta tana kallon ƙwallo, kuma ba ta da tsada. Wasu waya biyu suke haɗawa da kiran bidiyo na WhatsApp, su jingina ɗaya tana kallon ƙoƙo. Duk suna yi. Ni dai na fi son tudun siminti, domin ba ya buƙatar caji ko sabis.

Bayan ta kama ka yi gwajin ɗaga mota, sauran aikin gajere ne, amma ka riƙa yin sa a jere ɗaya kullum don hannu ya saba: wayar birki, filogin fitila, sannan jak. Naɗe jak har ƙarshe, sassauta maƙallinsa, ja shi sama gaba ɗaya, ka ɗaure tamau, domin jak da ya zame a hanya rami na farko zai karya shi. Sauke birkin hannu na tirela, kwashe waigi ka sa a bodi. Ja da baya ka kalli mota da tirela ta gefe. Ya kamata tirelar ta kwanta daidai. Idan hancinta ya ɗaga sama, tayoyinta na baya ne suke ɗaukar mafi yawan kaya, kuma za ta riƙa wutsil-wutsil a guje. Ƙa'idar Turai ita ce tsakiyar ƙwallo ya kasance santimita 35 zuwa 42 daga ƙasa idan mota tana da kaya, Hilux da aka ƙara wa sifirin kuma takan wuce haka, sai a sa farantin da ke sauko da ƙwallon.

Tun da mai wayarin zai gyara maka wayar da ta tsinke, ce masa ya duba filogin. Na Turai mai ƙusa 7 ne ko mai 13, kuma akwai mahaɗin da ke haɗa ɗaya da ɗaya, ba sai an yanke an murɗa da salatif ba. Gwajin fitila kai kaɗai ba wuya. Kunna siginar dama ka zagaya ka gani, kunna ta hagu ka zagaya. Kada ka wadatu da kunna biyun tare, domin idan an juya wayoyin ba za ka gane ba. Na birki, tokare fedar da sandarka a jikin kujera ka je ka duba.

Sai maganar dokin. Ba a sa doki a tirelar da ba a ɗaure a mota ba, ba a kuma kwance ta yana ciki. Da ya taka ƙofar baya, nauyinsa zai ɗaga hancinta sama. Idan Akawal ne kaɗai zai yi tafiya, sa shi a ɗakin hagu, ɓangaren direba. Titi yana da ɗan tudu a tsakiya yana gangarawa gefe, nauyi a ɓangaren tsakiya shi ke hana tirela rinjaya zuwa kwalbati. Za ka ga Turawan Ingila suna cewa a sa a dama. Su a hagu suke tuƙi, mu kuwa tun 1972 muka koma dama. Idan ya shiga, fara sa ƙarfen bayansa kafin ka ɗaure ragama, in za a sauka kuma fara kwance ragama kafin ka cire ƙarfen. Dokin da aka ɗaure wa kai, bayansa a buɗe, idan ya ja baya ya ji igiya ta riƙe shi, haukacewa yake yi. Wajen ɗaga ƙofar baya tsaya a gefe, kada ka tsaya a saitin ƙafarsa. Ka kuma ɗaga tabarmar roba ka soki katakon ƙasa da wuƙa, musamman kusurwoyin baya inda fitsari yake taruwa. Katakon da wuƙa ta shige shi ba zai ɗauki doki ba.

A nan ne maganar Hajiya take da ƙarfi, kuma ina so ka saurare ta. Ɗaura tirela aikin mutum ɗaya ne. Loda ingarma mai ciwo a ƙafa, wanda zafi zai iya sa ya yi tutsu a kan ƙofa, aiki ne da na fi son a yi shi da mutum biyu, haka ma doguwar tafiya irin ta zuwa Kano ko Katsina. Tsoron da take ji ba na lamba ba ne, na ranar da za ta leƙo ta tarar da kai a ƙasa ne. Amma komawa kanta ba shi ne sauƙi ga dokin ba. Hawa bodin kanta daga tudu ko kan katako, da tsayuwa a buɗaɗɗen bodi mai santsi babu abin jingina, ya fi wahalar da ƙafa mai rauni nesa ba kusa ba. Ka nuna mata gwajin ɗaga mota da idonta, ta ga bayan Hilux yana tashi. Hankalinta zai fi kwanciya da wannan fiye da duk bayanin da za ka yi mata.

Yaron barga da la'asar yake zuwa, to ka ɗaura tirelar da la'asar, ido na ganin ido, babu likita da ke jiranka. Ta kwana a ɗaure. Da asuba sai ka sauke jak ka maimaita gwajin, ka zagaya da tocila, ka naɗe. Saura loda doki kawai, aikin minti goma, kuma wannan ba abin jin nauyi ba ne ka ce wa wanda kuke sahu ɗaya a masallaci ya biyo ka bayan sallama ya riƙe maka ƙarfen baya. A Zariya ba a rasa wanda ya san doki a unguwa, kuma da yawansu daɗi za su ji an neme su. Wanda ban yarda ka kira ba shi ne yaro ko almajirin da ke wucewa, ka ce ya tsaya maka a baya ya nuna hannu. Wanda bai san aikin ba tsakanin mota da tirela yake shiga, yana kai hannu ƙarƙashin ƙoƙo don ya taimaka. Gara kai kaɗai da sandarka.

Faɗuwar gaban kuma ba za ta tafi da magana ba, sai hannu ya saba. Zaɓi yammacin da ba ka da tafiya, tirela babu kowa a ciki, ka ɗaura ka kwance, ka sake. A ɗaya daga ciki, da gangan ka sauke ƙoƙon a kan ƙwallo hannun yana rufe, waigi yana wurinsa, don ka ga yadda zaman ƙarya yake da idonka, ka kuma ga yadda gwajin jak yake tona shi nan take. Wajen kwancewa, birkin hannu da waigi su ne farko, sannan filogi, sannan ka ɗaga hannun kulle ka juya jak har ƙoƙo ya bar ƙwallo. Wayar birki ita ce ta ƙarshe da za ka cire, bayan ka tabbata tirelar ta tsaya da ƙafarta. Ranar da za ka fara fita da Akawal, tsaya a gefen hanya bayan kilomita biyu ko uku, ka taɓa ƙoƙon da maƙallin jak, ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya. Idan ɗaya ta fi sauran zafi sosai, birkinta yana kamawa, sai bakanike ya duba ta kafin tafiya ta gaba.